Dara a Mandawari

Bayan la'asar, gindin darbejiya,
gurbi talatin Sallau ya tona.

In da jikansa Ilu ne,
sai ya bar ƙofa buɗe kamar mantuwa,
yaro ya jera uku, ya daka tsalle.

In da ni ne, ba ragi:
ya tare nan, in toshe can,
shayi ya huce ba mu kurɓa ba.

Ran da Nababa baduku ya zauna kuwa,
tun wurin dasa aka gama wasan.
Ba mai tari.
Doki ya kafu a kusurwa,
yana kai, yana komowa, yana ci.

Sallau ya share ƙasa da tafi,
ya ce, "Ilu, zo mu buga.
Wannan karon fa buɗe idonka."