Jakin Wilfred

A bakin Tekun Arewa, can Ingila,
nan jirgin ƙasa kan juye ma'aikatan masaƙa
duk bazara.

Jakuna tara Wilfred ke da su a lokacin.
Yara a layi, sulalla a dunƙule,
iska ɗauke da ƙamshin soyayyen kifi.

Sai kujerar jirgin sama ta yi araha,
kowa ya bi rana zuwa Sifen.

Yau katako ya toshe tagogin otal ɗin Edna,
tsatsa na cin gadar da ta miƙe cikin teku.

Jaki ɗaya ya rage, ba ya ɗaukar kowa.
Da asuba Wilfred kan ja shi bakin ruwa.
Kafin hantsi igiyar ruwa ta share sawunsu,
ita da ba ta taɓa fashin zuwa ba.