Inda Takarda Ta Ƙare

An ba ni taswira da jan biro da jakar leda,
aka ce, "Barmani, layi tara a Bolari naki ne,
duk gidan da kika shiga ki ɗiga masa ja."
Na juya takardar sama da ƙasa,
ban ga gidan da aka yanke mini cibi ba.

Daga sama aka ɗauko hoton, in ji Yerima na ofis,
tauraron ɗan Adam ba ya ƙarya.
To, daga sama rufi ɗaya ne gidan Bappa Manu,
amma tun da ya kwanta dama aka raba gado:
katanga biyu, ƙofa uku, murhu biyar,
katin zaɓe goma sha ɗaya a ƙarƙashin katifu.
Tauraro bai zo zaman makoki ba.

Lamba ashirin da shida tana nan daram a takarda.
Na je da sallamata, kwari ya amsa.
Damina uku ke nan da ruwa ya haɗiye ɗakin Goggo Dudu,
har da turmi, har da bishiyar lemo.
Ita tana Tumfure wajen ɗanta tana jan carbi,
taswira dai ba ta sami labari ba.

Mu da kwatance muka tashi:
bayan injin markaɗe, daura da rijiyar Tela,
inda mai shayi yake zama kafin ya koma Dukku.
An sayar da injin, an cike rijiyar,
amma ko yaro ka aika sai ya kai saƙo.
Na'urar ofis ta nemi sunan titi,
na ce lungu ne.
Ba a yi wa lungu gurbi ba.

Bayan kwalbati takarda ta ƙare,
gari bai ƙare ba.
Na tarar da shanya, da awaki, da ƙaurin ɗumame,
da wata Asabe mai tuyar awara
da ta dube ni, ta dubi jakata, ta yi dariya:
"Ku ne ba ku san hanya ba.
Mai takardar kuɗin wuta bai taɓa ɓata ba."

Akwai kuma layin da hannu ya goge.
Yerima ya sassauta murya: "Wancan karon ba mu suka yi ba,
kada ki ɓata takalminki."
Na dubi takalmin. Ai ya riga ya tsinke.

Da magariba na kifa takardar a cinyata,
na zana a bayanta abin da ƙafa ta gani:
kwari, kwalbati, ƙofa uku, kaskon Asabe,
da zauren nan namu mai tsagaggen dakali.
Ɗigon gaba kawai ake biya, na sani,
naira hamsin hamsin.

Inna ta leƙo ta kafaɗata, fitila a hannu.
"Wannan ɗin mu ne?"
Na ce mu ne.
Ta ce, "Ƙara masa ja, bai fito ba."