Jirgin Delbert

Shekara shida ina jefa fatsa daga gaɓa,
ƙafa cikin laka, ido kan jiragen mutane
suna tsaga tafkin Guntersville kamar almakashi cikin yadi.
Shekara shida ina cusa dala biyar, dala goma
a gwangwanin kofi bayan injin wanki.
Charlene ta sani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Ran Asabar na tafi Scottsboro.
Yana zaune kan tirela ƙarƙashin rumfar kwano,
kore, rana ta shanye rabin ƙyallinsa,
ya ba ɗiyata shekara tara.
Kujerar gaba ta yage, an ɗinke ta da zaren fatsa.

Mai shi, Delbert Pruitt, ya fito yana dogara sanda.
Ko sannu bai ce ba. Ya ce, "Ƙwanƙwasa."
Na ƙwanƙwasa katakon baya inda inji ke rataye,
na kasa kunne kamar mai sayen kankana.
Na bi daɓen da diddige ina neman ruɓa,
kusa da akwatin batir ya ɗan lotsa.
Na dube shi.
Ya nuna gwiwarsa: "Ni ma ta nan na lotsa."

Muka jona tiyo, na murɗa makulli.
Injin ya yi tari, ya ƙara, ya tofar da shuɗin hayaƙi,
sannan ya kama ruri,
karen maƙwabta ya taya shi.

Ya ce dubu biyar. Na ce huɗu. Ya ce albarka.
Muka yi shiru muna kallon tayar da ta sace.
A huɗu da ɗari uku ya sallama,
amma ya zare sandar fatsa ɗaya mai jan mariƙi,
ya ce wannan ba ta cikin ciniki.

Na ƙirga kuɗin a kan bonet, duk sun yi laushi, suna warin sabulu.
Shi bai ƙirga ba.
Ya miƙo wani ɗan littafi da mai ya ɓata:
wata, rana, launin ruwa,
kututturen da ya nutse bayan gada,
bas mai laba bakwai a Afrilu,
can ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu,
"Yau ma Opal ta fi ni."
Daga nan shafukan farare ne.

Kashegari da asuba, a gangaren saukar da jirage,
sau goma sha ɗaya ina baya da tirela
tana lanƙwashewa inda ta ga dama.
Mutum huɗu na jira, ba wanda ya yi hon,
wannan ya fi zagi ciwo.

Da ƙyar ya hau ruwa. Shelby ta yi tsalle ta shiga.
Na zauna, na kama sitiyari, ƙirjina fal,
sai na ji sanyi a idon sawu.
A jikin sitiyarin ga wani abu na lilo da zare:
toshiyar ramin gindi,
da guntun takarda, hannun tsohon:
"Wannan tukuna."

Muka koma gaɓa a guje.
Shelby na kwarfe ruwa da gwangwanin kofin nan,
tana dariya har da riƙe ciki.
Ashe bai gama aikinsa ba.

Wajen hantsi, bayan gada, daidai kututturen,
zare ya motsa.
Ɗan bas ne, bai wuce tafin hannu ba,
baki buɗe kamar zai haɗiye tafkin.
Na sake shi. Na buɗe farin shafi na rubuta.

Da yamma na buga wa Delbert.
Ya ce, "Ka jiƙe?"
Na ce, "Har gwiwa."
Na ji numfashinsa a waya, da talabijin can nesa.
Ya ce, "To, yanzu naka ne."