Ranar da Na Ajiye Sitiyari

Shekara talatin da ɗaya ina kewaya Busan a zaune,
ƙafa a kan totur, ido a madubi.
Na san kowane rami a titin tashar jiragen ruwa,
na san danjar da ke jan rai, na san mai gajen haƙuri,
amma teku, da wutsiyar ido na san shi:
wani shuɗi mai giftawa tsakanin gini da gini.

Jiya suka ba ni fure da ambulan, aka tafa.
Yau na ɗaure takalmin da Hye-rin ta saya mini,
mai tsada, mai cizon dunduniya,
na haye gadar Yeongdo a ƙafa
kamar baƙon da jirgin asuba ya sauke.

Ashe garin nan yana da ƙanshi, yana da ƙarni.
Gishiri, baƙin mai, kifin da aka shanya a waya,
miyar wani gida da ta kama a bene na biyu.
Duk shekarun nan gilashina a rufe yake.

Dutsen Bongnae bai iya gaisuwa ba,
matakala kawai yake miƙo maka.
Na ƙirga ɗari biyu, lissafi ya kuɓuce,
gwiwa ta fara karanto mini bashin da take bi na.
Tsofaffi cikin jajayen riguna suna wuce ni
da sanda bibbiyu, rediyo na kuka a aljihun ɗaya.
Sau uku ina ɗaga kai neman madubi
in ga wa na bari a baya.
Ba kowa. Sai bishiyoyi masu ganye kamar allura
da hankaka guda, shi ma ba da ni yake ba.

A kan wani benci wata tsohuwa na ɓare lemo.
Ta dube ni, ta sake duba.
“Kai ne na ƙarfe biyar da rabi,” in ji ta.
“Sau biyu ka bar ni da daron kifi a hannu,
ɗaya ana ruwa.”
Na buɗe baki, jadawalin kamfani ya tsaya mini a wuya.
Sunanta Bang Sun-deok. Ban tambaya ba, ita ta faɗa,
wai don in san wa na bari.
Sannan ta raba lemon, ta ba ni ɓarin da ya fi girma.
Tsami ya kai mini har kunne.

Daga ƙololuwa gari ya koma abin wasan yara:
kwantenoni kamar kwalin ashana,
jirage sun yi cirko-cirko suna jiran a kira su,
bas-bas na rarrafe kamar ƙwaro a bakin faranti.
Na nemi hanyata, na same ta,
na ɗaga babban yatsa, ya rufe ta ruf,
har da garejin, har da inda nake cin taliya a tsaye.
Na daɗe ban sauke yatsan ba.

Na gangara ta ɗaya gefen, har inda tsakuwa ke kurkure baki da ruwa.
Na cire takalmi.
Sanyi ya sare ni a idon sawu, na yi dariya ni kaɗai,
wani mai kamun kifi ya matsa da kujerarsa.

Komawa, bas na hau.
Na biya kuɗi kamar kowa, na zauna bayan direba,
yaro ne, wuyan rigarsa bai ko koɗe ba.
Kowace kwana ƙafata na taka birkin da babu.
A tasha ta shida ƙofa ta rufe,
sai ga wata can nesa a guje, jaka na dukan cinyarta.
Na ji wata murya, ashe tawa ce:
“Dakata mata.”

Yaron ya dube ni ta madubi.
Ya dubi agogo.