Baƙo a Akwatin Gilashi

A gidanmu na kan tudu a Valparaíso
babana Eleuterio ya ajiye teku a falo:
lita ɗari uku, gishiri bisa awo,
duwatsun murjani, fitila shuɗiya,
da injin da ke gunaguni dare da rana
kamar tsohon da ba a nemi shawararsa ba.

Mai kallo daga bakin ƙofa zai ce aljanna ce.
Matso kusa.

Ga ɗan shuɗin nan, bai kai babban yatsa ba,
ya mallaki kogo ɗaya da taƙi biyu na yashi,
ko inuwa ce ta gifta sai ya fito da faɗa.
Ga masu ruwan lemo da farin ratsi, su biyu.
Macen ce babba, ita ke da magana.
In ta juyo, namijin ya karkace yana karkarwa,
haka yake cewa na bi.
Sau uku tana cizon babana a bayan hannu,
hannun da ke ba ta abinci.
Ya ce ba laifinta, ni na shiga ɗaki ba sallama.

Ran Talata ya shigo da sabo a leda,
rawaya, faffaɗa kamar ganye.
Bai gama sanin ɗanɗanon ruwan ba
tsohon wurin, mai launin shunayya, ya taso
da 'yar wuƙarsa a gindin wutsiya.
Jinsinsu ɗaya, bakinsu ɗaya, cimarsu ɗaya,
abin da ya haɗa su faɗa ke nan.
Sauran kifayen ba su dame shi ba,
mai kama da shi ne ba ya son gani.
Kafin magariba baƙo na maƙale bayan bututu,
wutsiya a yage, launi ya koɗe.

A makon ne gobara ta ci tudun da ke gabanmu.
Baffana Anselmo ya zo da jaka ɗaya da rediyo.
Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji
a kan garejin da kakanmu ya bari.
Ya zauna a kujerar babana bai sani ba.
Ba wanda ya ce uffan.
Cokula kawai ke magana da faranti.

Babana ya manna madubi a jikin gilashi.
Mai shunayya ya wuni yana yaƙi da kansa,
baƙo ya samu ya tsinci ganye biyu.
Da aka cire madubin, faɗa ya dawo inda ya tsaya.

Sai ƙarfe biyun dare na ji motsin ruwa.
Na tarar da shi a duhu, hannu har gwiwa,
yana sauya wa kowane dutse mazauni.
Ya ce, Ximena, in gari ya waye
kowa ya rasa ƙofar gidansa,
kowa ya zama baƙo,
baƙo kuwa ba ya korar baƙo.

Da ya kwanta ban koma barci ba.
Na ja kujerarsa zuwa taga,
na juya tebur, na kai rediyo kan firji,
na kawo kujerar kicin na ajiye kusa da tasa.

Da safe ya tsaya yana duban falon.
Ya dube ni. Bai ce komai ba.

A cikin gilashi akwai jatanlande mai jan baya,
wanzamin unguwa, shagonsa a kan dutse.
Nan kaɗai ake ajiye makami.
Mai shunayya ya zo ya buɗe baki ana sakace masa,
rawaya na jira a gefe, tazarar yatsa uku,
ido a kan wuƙar.

Tsofaffin biyu na zaune, shayi na hucewa.
Anselmo ya ce, wutsiyar za ta toho?
Babana ya ce, in an bar ta.
Can ya tura masa gwangwanin abincin:
kaɗan za ka zuba, a kusurwa biyu,
kada su haɗu a kan loma ɗaya.