Mita Goma

Keken ɗinki nake gyarawa a Zango, kusa da dukawa,
shekara talatin ina sauraron ƙarfe in ya yi tari.
Bindigar iska kuwa a hannun Kalla na saye ta,
jaka goma sha biyu, da alkawarin duba kekensa kyauta.
Tsohuwa ce. Ƙotarta ta sha gumin mutum uku kafin ni.

Daren farko na kwance ta bisa buhun siminti,
Barira na riƙe mini da tocila.
Na jera sukurori a murfin kwano kamar mai tsintar shinkafa.
Rasor ya yi doro irin na tsohon ɗan dako.
Fatar da ke tura iska ta bushe, ta koma kilishi.
Na je wurin Mutari baduku na ce: yanko mini
daga wuyan akuya, faɗin dala biyar, kar ta ɗara.
Ya ce laya za a yi? Na ce kusan haka.
Kwana biyu ta yi cikin man keke tana sha.

Kunamar ce mai taurin kai.
Ka ja, ka ja, kamar guga a rijiyar bazara,
kafin ta saki hannu ya bar inda ido ya ajiye shi.
Na goga haƙorinta a dutsen wasa aska,
sau uku, in hura, in gwada,
sau uku kuma, sai na tsaya.
Kunamar da ta yi laushi fiye da kima
ba ta jiran izinin kowa.

Har dalma na tantance. Gwangwani guda, ƙwaya ɗari biyar,
na kai wa mai awon zinariya a Kasuwar Dole,
ya yi ta dariya yana ɗorawa a sikeli.
Masu lotsattsen gindi na zuba a aljihun hagu.

Ran Alhamis na matse ta tsakanin katako biyu,
na ɗaure da robar taya, na auna mita goma da igiya,
takarda a jikin bangon laka.
Ƙwaya biyar, rami ɗaya.
Na sa ɗan yatsa, ramin bai karɓe shi ba.

Sai na kwance ta na aza a kafaɗa.
Biyar suka watse kamar zabi sun hangi shaho.

Na bar shayi mako guda. Na bar goro.
Na koyi tsai da numfashi a tsakiyar fita,
in harba tsakanin bugun zuciya da na bayansa.
Amma baƙin ɗigon nan na tsakiyar takarda
in na ƙura masa ido sai ya haihu:
ɗaya ya zama biyu, ban san wanne ne uban ba.

Lahadi, gindin duwatsu, bayan Birni,
mu goma sha ɗaya, da wani malamin lakwal riƙe da alli.
Na zo na tara. Kalla bai ce komai ba,
wannan ya fi zafi.

Ana naɗe tabarmi Barira ta ce, Baba, ba ni.
Ta ɗauko daga aljihun hagu, cikin waɗanda na ƙi.
Ƙotar ta yi mata tsawo, sai ta miƙa wuya kamar belbela.
Uku ta harba. Malamin ya je ya duba,
ya dawo ya nemi sunanta,
ya rubuta a ƙasan allo, inda babu lamba.

Yau na rufe rumfa tun la'asar.
Na auna daga kafaɗarta zuwa gwiwar hannu da zaren ɗinki.
Yatsa biyu zan rage a ƙotar.
Zarton na hannuna tun ɗazu.
Ita ke riƙe da tocila, tana cewa ka ga layin ko in matso?