Wuni Ɗaya a Sawakin

Na bar Bur Sudan da asuba
a motar haya, tsakanin buhun albasa
da mutanen da ban san sunansu ba.
Guzurina gorar ruwa,
da maganar da Inna ta ajiye a kunnena
tun ina yaron da ake aika sayen gishiri:
"A Sawakin kakanka Jatau ya hau jirgin ruwa.
Daga nan labarinsa ya yanke."

Hantsi ya dubi ludayi muka iso.
Ƙofar gari tana tsaye, ganuwarta kuwa
ta zube nan, ta saura can,
kamar haƙoran tsohon da ya ƙi daina dariya.
Na bi ta ƙofar don girmamawa.
Wata akuya ta bi ta giɓi, ta riga ni shiga.

Siririyar hanya ce ta ɗaure tsibirin da tudu.
Gidajen da dutsen teku aka gina su,
fari, mai huji-huji kamar saƙar zuma.
Teku ya ba da aro tun da daɗewa,
yanzu gishiri ke bin bashin
bango bayan bango.
Wani bene saura matakala kawai.
Na ƙirga bakwai. Ta takwas sararin sama ce.

Kyanwa uku suka biyo ni.
Wani yaro mai ƙugiyar kifi ya ce kada in kore su,
wai ba dukansu ne kyanwoyi ba.
Na yi musu sallama,
don gudun abin da ka je ya zo.

Na shafa bangon masallaci ko zan ji suna.
Wauta ce, na sani.
Mutumin da ya yi shekara shida a ƙafa,
yana tsinkar auduga a Jazira don kuɗin jirgi,
ina ya ga sukunin sassaƙa sunansa a dutse?
Na yi azahar ni kaɗai,
inuwata ce mamu.

Yunwa ta kora ni kasuwa,
riga ta manne min a baya don gumi.
Sai hayaƙi. Ƙuli da yaji.
Hancina ya gane kafin idona.
Wani dattijo ke juya tsinke a bakin garwashi.
Na kai hannu da gaggawa, na ƙone,
na ce, "Wash! Kai, wannan wuta!"

Ya ɗago kai.
"Ɗan ina ne?"
Da Hausa.
Tsohuwar Hausa, wadda Larabci ya yi wa ƙari a gefe-gefe.

Sunansa Tunau.
Bai taɓa ganin Haɗeja ba,
amma ya san akwai kogi, ya san akwai tarwaɗa.
Kakarsa ta iso nan kuɗin jirgi bai cika ba,
ta ce bari ta soya ƙosai na wata biyu.
Wata biyun ne ba su ƙare ba har yau.

Na ce ai a Malam Madori aka yanke min cibiya,
tafiyar jaki ce tsakani.
Na ce masa Jatau. Dogo, mai bille a hagu.
Ya daɗe yana fifita wutar.
"Masu bille da yawa sun wuce, ɗana.
Ruwa ba ya ajiye sawu."

Ya ƙara min tsinke biyu, ya ture kuɗina.
"In ka koma, ka gaida…"
Ya tsaya. Ya nemi suna ya rasa.
"Ka gaida kogin."

La'asar sakaliya, yaron mota na kiran Bur Sudan.
Daga taga na hango jirgi ya juya wa gari baya,
ya miƙi gabas, cike da kakannin wasu.
Matar da ke kusa da ni ta miƙo ruwa in wanke hannu.
Na yi godiya, na ce a'a.
Yajin yana yatsuna har muka shiga gari.